Gwajin jini na FamilyTreeDNA da masu cewa su jinin sarauta ne

A Makka da Jidda da Madina, da wuya ka zauna a gidan Hausawa 'yan tsohon zama, waɗanda kakanninsu suka zo da ƙafa ta Sudan, ka tashi ba ka ji an ce "ai mu 'yan sarauta ne" ba. Wasu suna jingina kansu da Alwali, Sarkin Kano na ƙarshe kafin jihadi. Wasu da Saifawan Borno da mulkinsu ya ƙare a 1846. Mafi yawa kuwa da Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda Turawa suka kashe a Burmi cikin Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira zuwa gabas har ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar a Sudan. Dā maganar ba ta wuce bakin tsofaffi da wata takarda mai launin ƙasa da ake ɓoyewa a gafaka. Yanzu samari sun ga abokansu Larabawa suna gardamar ƙabila da lambobi da haruffa a waya, su ma sun fara sayen gwajin DNA na ƙwayar Y, wadda ɗa ke gada daga ubansa, daga kamfanin FamilyTreeDNA da ke Houston a Amurka, suna fatan ya buga wa takardar kaka hatimi.

Kayan aikin yana da inganci, wannan ba a gardama. Sai dai ya fi ƙwarewa wajen rushe da'awa fiye da gina ta, kuma mai sayensa ya kamata ya san haka tun kafin ya fitar da riyal ɗaya.

Duk da ana cewa gwajin jini, ba a ɗibar jini. Abin da ke zuwa ƙaramar ambulan ce mai ɗauke da tsinke biyu masu auduga a kai, da 'yan kwalabe biyu da ba su kai ɗan yatsa ba, kowace da ruwan da ke hana samfurin lalacewa, sai ambulan ɗin mayarwa. A jikin kwalaben akwai lambar kunshin, kuma wannan lamba ita ce sunan mutum a wurin kamfanin. Ana goga tsinke ɗaya a cikin kumatun dama na kusan minti ɗaya, ana jujjuya shi da ɗan ƙarfi, don ba yawu ake nema ba, fatar cikin baki ake son ta kankaro. A tsoma kan tsinken a kwalba, a karya shi a ciki, a ɗaure murfin tam. Na biyu kuma a kumatun hagu.

Aikin minti biyar ne, amma a nan yawancin asarar take faruwa. Dole baki ya zama babu ci babu sha na aƙalla sa'a ɗaya. Ga tsoho an kawo masa tsinke bayan la'asar, ya gama shan shayi mai madara, ɓarin goro na maƙale a gefen dasashi, ga asuwaki a aljihun gaba yana cirowa yana mayarwa. Audugar za ta fito ja-ja-ja, kuma ɗakin gwajin zai iya cewa samfurin bai isa ba. Mafi dacewa a yi da asuba, kafin karin kumallo da kafin a taɓa asuwaki. Mai haƙoran roba ya cire su tukuna. Wanda bakinsa ke bushewa saboda tsufa ko magani ya kurkure da ruwa zalla, ya jira sa'ar ta cika. In dasashi na zubar da jini a bari sai ya warke. Kuskure na biyu ya fi muni domin ba ya nuna kansa: a tara maza huɗu a majalisa ɗaya, a buɗe ambulan huɗu a kan darduma ɗaya, kwalbar wane ta shiga ambulan ɗin wane. Sakamako zai fito lafiya lau da sunan da ba nasa ba. A buɗe ɗaya, a gama, a rubuta lamba da sunan mai ita a littafi, a liƙe, sannan a ɗauko ta gaba. Kada kuma a bar ambulan a gaban mota cikin ranar Jidda. Kafin a aika, a tambayi kamfanin jigila ko yana ɗaukar irin wannan kaya da kuma abin da doka ta ce game da fitar da shi. Bayan ya isa Houston ana jiran makonni, babban gwajin yakan kai wata biyu ko fiye.

Wa za a goga wa? Nan ma ana tafka kuskure. Ƙwayar Y namiji kaɗai ke da ita, kuma daga uba take zuwa ɗa, ɗa ya ba nasa ɗan, ba ta ratsawa ta mace ko sau ɗaya. Saboda haka baffa yana da amfani, kawu ba shi da shi, sai in gidan su mahaifiya ake bincike. Idan wata Hajiya ce ke son sanin asalin mahaifinta, sai ta nemi yayanta ko ƙanenta na uba ɗaya, ko ɗan baffanta. Ɗan da ta haifa tsatson mijinta zai nuna. A fara da mafi tsufa a gidan, tunda kamfanin yana ajiye samfuri shekaru kuma ana iya ƙara zurfin gwajin daga baya ba tare da an koma wurin mutumin ba.

Gwajin matakai uku ne: Y-37, Y-111 da Big Y-700. Biyun farko suna ƙirga wasu wurare a jikin ƙwayar da ake kira STR, inda rubutun halitta ke maimaita kansa. Ka ɗauka carbi ne guda 37 ko 111, kowane ana ƙidaya 'ya'yansa: wannan 13, wancan 24. Ɗa yakan gaji adadin ubansa, amma jifa-jifa ɗaya ya ƙaru ko ya ragu. Shafinka zai nuna maka mazan da ƙirgensu ya yi kusa da naka. A Y-37 ana nuna wanda bambancinku bai wuce 4 ba, a Y-111 bai wuce 10 ba. Matsalar ƙirgen carbi ita ce yana hawa yana sauka, don haka mutum biyu da kakansu ɗaya ya rayu shekara dubu da ta wuce za su iya yin kama da 'yan baffanni. Big Y-700 ya ƙara da neman abin da ake kira SNP, wato sauyi guda da ya auku a jikin mutum ɗaya, dukkan 'ya'yansa maza da jikokinsa suka gada, kamar tsagar gado da ba ta gogewa. Irin wannan tsaga takan fito kusan duk bayan zuriya biyu zuwa uku, shi ya sa da ita ake iya jera rassa a ce wannan gida ya rabu da wancan wajen ƙarni kaza. "Wajen" ɗin nan kuwa faɗi gare shi, yakan haɗiye shekara ɗari ko biyu.

Kuɗin: Y-37 ya ɗan haura dala 100, Big Y-700 ya haura dala 400. A canjin riyal 3.75, ka ce wajen riyal 450 da wajen 1,700, ban da kuɗin aikawa. Suna yin rangwame a ƙarshen Afrilu da watan Yuni da Nuwamba, wanda ba ya gaggawa ya jira.

Babban raunin kamfanin a wurinmu shi ne ƙarancin 'yan'uwanmu a rumbunsa. Turawa sun cika shi, Larabawan yankin nan su ma sun zuba kuɗi sosai, amma mutanen Afirka ta Yamma 'yan tsiraru ne. Bahaushe zai biya, ya jira, ya buɗe shafi ya tarar babu ko mutum ɗaya da ya dace da shi a alamomi 37. Abin da zai samu kawai sunan babban reshe ne, irin su E-M2, wanda miliyoyin maza daga Senegal har Afirka ta Kudu ke cikinsa. Shafin kuma da Turanci yake, cike da kalmomin da ko mai digiri sai ya yi bita.

Daga sunan reshen nan ne tatsuniya ke farawa. Wani bincike da masana na Jami'ar Khartum suka shiga cikinsa, aka buga a 2008, ya gwada maza 445 a Sudan, cikinsu Hausawa 32, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na Hausawan sun faɗo a reshen R1b. Wanda ya ga R1b ya leƙa intanet sai ya ga taswirar Turai ta yamma, ya fara tunanin kakansa Bature ne. Namu ɓangaren daban yake, ana kiransa V88, ya yi dubban shekaru a yankin Tafkin Chadi. Haka wanda ya ga J1 sai ya fara neman koren rawanin sharifai. J1 ya haura shekara dubu goma, akwai shi a Yaman da Sudan da Habasha, akwai shi a cikin Yahudawa da mutanen duwatsun Dagestan. Masu sha'awar harkar suna da wani ƙaramin reshe a ƙarƙashinsa da suke dangantawa da Hashimawa, amma hujjarsu iƙirarin mutanen da aka gwada ne a yau, ba samfurin mutanen farko ba. Babu wani reshe da aka rubuta masa "sarki" a goshi.

To ta yaya gwajin zai yi amfani ga mai da'awar sarauta? Hanya ɗaya ce: kwatance. Sai an sami namiji daga gidan da babu mai shakkar nasabarsa, a gwada shi, a gwada naku, a aza. Mutum ɗaya ma bai isa ba, gara biyu daga ɗakuna masu nisa da juna a gidan sarautar, domin in su biyun suka dace an san tsagar ta kakan ce. Daga naku ɓangaren ma biyu. Kunshi huɗu ke nan, kuma in ana son magana mai nauyi dole Big Y-700 ne, wato an doshi riyal 7,000. Kuɗin ma ba shi ne wahalar ba. Wane dattijo ne a gidan sarauta zai buɗe baki a goga masa auduga don wani baƙo daga Shari'u Mansur ta Makka ya tabbatar shi ɗan'uwansa ne? Me zai samu? In an dace ya ƙara mai neman kaso, in ba a dace ba wataƙila a juyo da tambayar kansa. Ga mutanen Mai Wurno kuma, yaƙin da ya ɓarke a Sudan tun Afrilun 2023 ya tarwatsa iyalai, ba lokacin da za a kira mutum da zancen auduga ba ne.

A ce an samu, kuma sakamako ya ƙi. Kafin a yi wa kowa kallon banza, a tuna yadda ake shiga gida a ƙasar Hausa. Jikan sarki ta wajen uwa jikan sarki ne a bakin kowa, amma Y ɗinsa na gidan ubansa ne. Akwai ɗan riƙo da ya tashi yana amsa sunan maigidan. Akwai barori da almajirai da malaman fada. Dubban mutane ne suka bi Attahiru, kuma a cikin zuriya uku "mun fito tare da Sarkin Musulmi" ba ta da wuyar rikiɗewa ta zama "mun fito daga Sarkin Musulmi". Ba ƙarya aka shirya ba, harshe ne ya zame. Sai dalili na ƙarshe, wanda ba a son faɗa. Turawan Ingila sun gamu da shi a bainar jama'a: da aka tono ƙasusuwan Sarki Richard na uku a wani wurin ajiye motoci a Leicester cikin 2012, tsatson uwa ya dace da danginsa, amma na uba bai dace da mazan da littattafan nasaba suka ce jininsu ɗaya ba. A wani wuri cikin ɗaruruwan shekaru sarƙar ta katse, kuma gwajin ba ya iya nuna a kan wa. Shi ya sa hukuncin da Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, ta yanke a nan Makka a farkon 2002 ya shafi duk mai niyyar saye: ba a kore nasaba da DNA, ba a gabatar da shi a kan li'ani, wato rantsuwar miji da mata a gaban alƙali idan miji ya kore ɗa, kuma ba a amfani da shi don binciken nasabar da shari'a ta riga ta tabbatar. Inda ta yarda shi ne wurare irin su musayar jarirai a asibiti ko yaron da ya ɓace ba a san iyayensa ba. Neman reshen kakanni na nesa daban, gwada 'yan uba ɗaya don a ga ko sun dace daban. Na biyun kada a kusance shi, ko da wasa.

Inda DNA ya yi aiki a tarihin masu da'awar gadon sarauta, kusan kullum tonon silili ya yi. Anna Anderson ta shafe fiye da shekara sittin tana cewa ita ce Anastasia, 'yar Sarkin Rasha Nikolas na biyu. Shekara goma bayan mutuwarta, a 1994, gwajin tsatson uwa ya nuna ba ta da alaƙa da gidan, ya haɗa ta da dangin wata ma'aikaciyar masana'anta 'yar asalin Poland. Naundorff, mai gyaran agogo da ya ce shi ne Louis na 17 na Faransa, haka gwajin 1998 ya ƙi haɗa shi da dangin Sarauniya Marie Antoinette.

Amma mai da'awa na gaske ba a kan auduga yake tsaye ba, kuma misalin yana kusa da mu, don kabarin ubansa da na baffan ubansa suna Baƙi'a. Shi ne Muhammad al-Sanusi, wanda magoya bayansa ke kira Yariman Libiya, an haife shi a 1962. Mahaifinsa Hasan al-Rida ɗan ƙanen Sarki Idris na Libiya ne, kuma shi aka naɗa magaji saboda Idris bai bar ɗa namiji ba. A Agustan 1969 Idris, yana jinya a waje, ya sa hannu a takardar murabus da za ta fara aiki ranar 2 ga Satumba. Ranar 1 ga wata Gaddafi da abokansa suka yi juyin mulki. Kwana ɗaya ya raba Hasan da gadon. Aka tsare shi, daga baya aka yi wa iyalin ɗaurin talala, a 1984 aka ƙone gidan da suke ciki, sai a 1988 aka bar su suka tafi Landan neman magani. Idris ya rasu a Alƙahira a 1983, Hasan ya rasu a 1992 bayan ya ayyana Muhammad a matsayin magajinsa. Duka biyun Madina aka kawo su. Gidan ba baƙo ba ne a nan Saudiyya: kakansu Muhammad bin Ali al-Sanusi a Dutsen Abu Ƙubais na Makka ya buɗe zawiyarsa ta farko a 1837, kuma fataken Kano da Damagaram sun san 'yan ɗariƙarsa a hanyar Tarabulus.

Abin lura shi ne abin da mutumin yake nema. Ba ya yawo da bishiyar nasaba. Tun boren 2011, lokacin da matasan Bengazi suka ɗaga tsohuwar tutar masarauta, shi kuma ya yi jawabi a Majalisar Tarayyar Turai cikin Afrilun shekarar, maganarsa ɗaya ce: a koma wa kundin tsarin mulkin 1951, wanda ya tanadi sarki mai iyakantaccen iko da majalisa zaɓaɓɓiya, kuma 'yan Libiya ne za su yanke ko suna so. Hujjarsa ita ce kundin ba a soke shi ta halastacciyar hanya ba, bindiga ce ta ture shi, kuma a ƙasar da gwamnatoci biyu ke ja-in-ja ana bukatar wanda ba na gabas ba ne ba na yamma ba. Masu sukarsa suna cewa mafi yawan 'yan ƙasar bayan 1969 aka haife su, shi kuma ba shi da soja ko ɗaya. Ko ma wa ke da gaskiya, gardamar ta takarda ce da yardar jama'a. Yana ma da abokin hamayya a cikin dangi, Idris bin Abdullah al-Sanusi. A ce yau an gwada su biyun an samu tsaga ɗaya, ba abin da ya canza, domin a 1954, bayan wani ɗan gidan ya kashe Ibrahim al-Shalhi, na hannun daman sarki, Idris ya taƙaita gado ga reshensa kaɗai. Dokar sarki ce ta raba su, kuma ɗakin gwaji a Houston ba ya karanta dokar sarki.

Haka abin yake a gida. Abdullahin Gwandu ƙanen Shehu ne uba ɗaya, don haka zuriyarsa maza da zuriyar Bello da ta Atiku duk reshe ɗaya za su faɗo, su da duk wanda ya haɗa kakan uba da Muhammadu Fodiyo. Dubbai ne. A cikinsu wanda masu zaɓen sarki suka ambata aka naɗa masa rawani shi ne sarki, sauran 'yan'uwa ne. Y-37 ba zai ma iya bambanta Bagwande da Basakkwace ba.

Akwai batun sirri. A farkon 2019 kamfanin ya amsa cewa ya bar hukumar FBI tana kwatanta samfuran masu laifi da rumbunsa, daga baya ya sa maɓallin da mutum zai iya cire kansa. A shiga saitin a duba shi tun ranar farko. Sunan da aka sa da adireshin imel duk wanda ya dace da kai zai gani, don haka a yi imel na musamman, a sa haruffan farkon suna. Kuma Y ɗin ba naka kaɗai ba ne, na ubanka ne da 'yan'uwanka da 'ya'yan baffanninka, waɗanda ba a shawarce su ba. Ɗora hoton sakamako a X ko rukunin WhatsApp ana gugar zana ga wata ƙabila kuwa, a nan Saudiyya hukuma ba ta ɗaukar tayar da ƙabilanci a matsayin raha.

Wanda ke da dattijo a gida kuma yake son ajiye wa jikoki wani abu, ya sayi Y-37 lokacin rangwame, ya goga masa, ya bar samfurin a can. Wanda ya riga ya sami mutumin kwatance da ya yarda da bakinsa, ya tsallake Y-111 ya tafi Big Y-700 kai tsaye, don matakin tsakiyar kuɗi yake ci ba tare da ya yanke magana ba. Wanda ba shi da mutumin kwatance, abin da riyal 1,700 za ta sayo masa jerin haruffa ne da taswira mai kibiya. Shi gara ya sa waya a gaban Baba ko Gwaggo ya naɗi muryarsu: sunan kaka da na ubansa, garin da aka taso, wa ya jagoranci ayarin, an yi zango a Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu) ko Al-Junaina, shekara nawa aka yi noma a Jazira kafin a tara kuɗin jirgin ruwa, daga Sawakin aka ƙetara ko daga Port Sudan. A ɗauki hoton takardar gafakar gaba da baya a hasken rana, ba tare da filasha ba, kuma kada a kai ta shago a liƙe ta da leda mai zafi, don zafin injin yana cinye tawadar gargajiya.